Takalmin zamiyar ƙanƙara ga yaro mai koyo: haya, gwanjo ko sabo?

Yayata ta kira ni daga Makka bayan isha'i, murya a sama. 'Yarta mai shekara 7 ta yi wata uku ana kawo ta Jidda duk Asabar tana koyon zamiya a kan ƙanƙara, wasan da Larabawa ke kira tazalluj, yanzu kuma kocin ta ce haya ta isa haka, a saya mata nata takalmin. Yaya ta leƙa intanet ta ga na riyal 250, ta ga na riyal 3,000, duk farare, duk da wuƙa a ƙasa, ta rasa inda bambancin yake.

"Auta, ke da kika riga mu shiga wannan rigimar, wanne zan ɗauka? Ni dai na ce wa babanta a sayo lamba biyu sama da ƙafarta, ta girma da shi."

Na ce, "Yaya, wannan fa ba takalmin sallah ba ne."

Mu Hausawa haka muka tashi. Riga a ɗinka ta da rara, wando a naɗe ƙafarsa, takalmi a cusa takarda a gabansa, yaro zai girma. A ko'ina dabarar tana aiki, ban da kan ƙanƙara. Shekara huɗu ke nan ina bin tawa 'yar zuwa filin ƙanƙara, takalmi uku muka ci, kuma duk asarar da na yi daga wuri ɗaya ta fito: saya wa yarinyar baɗi takalmi, alhali ta bana ce za ta sa. Ko dai ya yi mata girma, ko ya yi mata tauri. Ga abin da na zayyana wa Yaya a daren, na ƙara da abin da ban samu faɗa mata ba kafin cajin wayarta ya ƙare.

Abin da za a auna kafin a kalli farashi

Na farko, kuma wanda ya rinjayi sauran duka, zaman ƙafa a cikin takalmi. Kaurin wuƙar da yaro ke tsayawa a kanta bai wuce milimita 4 ba. Duk motsin da ƙafa ta yi a ciki wanda takalmin bai bi ta ba, idon sawu ne zai biya. Dunduniya dole ta kafe a mazauninta, yaro ya ɗaga diddige takalmin ya ɗago tare da shi. Yatsu su iya ɗan motsi sama da ƙasa, amma kada ƙafar ta zame gaba. Akwai kuma abin da iyaye ba su cika sani ba: ita wuƙar ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da ɗan lanƙwasa kamar gindin kwalekwale, kuma akwai wani wuri can kusa da gaba wanda a kansa ake juyi. An ƙera shi ne ya faɗo daidai ƙarƙashin tudun tafin ƙafa, bayan yatsu. In takalmi ya yi girma, wurin nan ya gudu gaba ya bar ƙafar a baya, haƙoran da ke bakin wuƙar ma sun yi nisa da yatsu. Sai ki ga yaro yana ta tuntuɓe da haƙoran nan, koci na cewa ba ya mai da hankali, alhali takalmi ne.

Awon ba wuya. Da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a shimfiɗa takarda a kan tayil a jikin bango, yaro ya tsaya a kai, dunduniya ta taɓa bangon, nauyinsa a kan ƙafa biyu. A ja layi a bakin yatsan da ya fi tsawo, a auna da rula a milimita. Ƙafa biyun duka, don da wuya su zo ɗaya, kuma da babbar ake aiki. A zagaya ƙafar da tef ɗin tela a inda ta fi faɗi, a rubuta wannan ma. Rarar girma da za a bari milimita 5 ce, in an matsa 10, ba ƙari. Kamfanonin Italiya irin su Edea da Risport da milimita suke lamba, suna hawa biyar-biyar, 200, 205, 210, don haka lissafinsu a fili yake. Jackson na Kanada da Riedell na Amurka kowa da nasa jadawalin, kuma lambar takan zo ƙasa da ta takalmin makaranta. Kada a ce "ai 31 take sawa" a tura oda. A buɗe jadawalin kamfanin, a nemi milimitar.

Faɗi ma abin lura ne, musamman ga yaranmu da suka tashi da silifa a waje, ƙafa tsirara a gida, yatsu a baje abinsu. Masu sayarwa da masu horarwa sun daɗe suna cewa Jackson ya fi yalwa a gaba, Riedell kuma ya fi karɓar siririyar ƙafa. Manyan kamfanonin duk suna yin faɗi fiye da ɗaya a wasu samfuran. In yatsu sun matsu ta gefe, maganin shi ne a nemi mai faɗi, ba mai tsawo ba. Safa kuwa siririya ake sawa, mai kama jiki. Gwaggonmu da ta raka mu sau ɗaya ta ga ƙanƙara, sai ta dage a ninka wa yarinya safar ulu biyu kada sanyi ya kama ta. Safa mai kauri tana hana ƙafa jin wuƙa, tana naɗewa a ciki ta haifar da bororo.

Na biyu tauri. Wuyan takalmin shi ke riƙe idon sawu, kuma kamfanoni na ba kowane samfuri lambar tauri. Edea, alal misali, ta taɓa ba Overture 48, Chorus 70, Ice Fly 90. Sai dai lambar wani kamfani ba ta fassara ta wani, kowa da mudunsa. Abin da ake so shi ne takalmin da zai hana idon sawu faɗawa gefe, amma ya bar shi ya lanƙwasa gaba, domin duk wasan nan a kan durƙusa gwiwa aka gina shi. Mai laushi da yawa, ƙafa ta karkata ciki, yaro ya dinga tafiya kamar agwagwa. Mai tauri da yawa, yaro ya kasa durƙusawa, ƙwauri ya yi ta ciwo, kuma nauyinsa bai kai ya horar da takalmin ya saki ba har ƙafa ta fi ƙarfinsa. Abu uku ke yanke hukunci a nan: matakin da yaro yake, nauyin jikinsa, da yawan awannin da yake yi a mako. 'Yar shekara 12 mai jiki da ta fara jiya tana bukatar abin da ya fi na 'yar shekara 6 siririya tauri, ko da ajinsu ɗaya.

Na uku wuƙa. Ƙasanta ba a daidaice yake ba, an rarake tsakiyarsa kamar kwararo, sai ya zama tana da kaifi biyu, na ciki da na waje. Duk zane da juyi da ake koya wa yaro, koyon hawa ɗaya daga cikin kaifin nan ne. Haƙoran gaba kuma na soka ƙanƙara ne wajen wasu tsalle-tsalle, ba birki ba ne. Da su ake bambance wannan takalmi da na wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda ba shi da haƙora kuma jikinsa ƙwarya ce mai tauri, don haka a kula kada mai shago ya miƙo na hoki a karɓa. A duba yadda aka haɗa wuƙar da takalmin. In da ƙusa aka dasa ta, ta zauna ke nan har abada. In da sukuru ne a kan ƙasan da ke karɓar sukuru, ana iya gusar da ita kaɗan in tsayuwar yaro ta bukaci haka, ko a canja ta gaba ɗaya.

Na huɗu kuɗi, amma ba wanda aka rubuta a jikin kwali ba. A raba shi da watannin da za a ci moriyarsa. Ƙafar yaro ɗan firamare da wuya ta shekara a lamba ɗaya, saboda haka takalmin da zai yi shekara biyar bai lalace ba, ba shi da wani fifiko a wurin wanda zai fi ƙarfinsa kafin wani azumin. A kan farashin a ɗora kuɗin aikowa, da harajin kashi 15 cikin 100 da ake karɓa a Saudiyya tun 2020, da murfin wuƙa iri biyu, da kuɗin washi.

Na biyar shi ne namu na nan: wa zai gwada wa yaro, wa zai wasa wuƙar, kuma in bai yi ba ina za a mayar? A ƙasashen sanyi akwai masu sana'ar gwada wannan takalmi kaɗai. Mu a Jidda yawancinmu da takarda da rula muke yi, sai shawarar koci. Wanda ke da hanyar Dubai ko Abu Dhabi, inda wasan ya fi daɗewa da kafuwa, ya tafi da yaron a gwada, zuwa da kai ya fi aike. Can ne ma Zahra Lari ta fito, wadda ta shiga gasar ƙasa da ƙasa da ɗankwalinta a Italiya a 2012, abin da nake tuna wa duk wanda ya ce mini wasan ba na 'ya'yan Musulmi ba ne.

Haya

Ba na raina haya. Yara da yawa a garin nan a filin Shallal da ke bakin teku suka fara ganin ƙanƙara da idonsu, kuma da yawa sun shiga sau biyu sha'awar ta wuce. Babu dalilin kashe riyal 800 kafin a san yaro zai ɗore. Takalmin haya, a ko'ina yake a duniya, an yi shi ne ya shiga kowace ƙafa, wanda ke nufin bai dace da ko ɗaya ba. Yau a ba ki mai kaifi, mako mai zuwa mai dakushi, yaro ya rasa ko shi ne ya manta darasi. Ga wata ɗaya zuwa uku na farko, lokacin koyon tsayawa da faɗuwa da tashi da tafiya gaba, ya wadatar. Da zarar an fara tsayawa kan ƙafa ɗaya da hawa kaifi, ya zama cikas. Hadarinsa ga aljihu kaɗan ne, ga ci gaban yaro kuwa yana ƙaruwa kowane mako.

Na shaƙatawa, irin na manyan shaguna

Su ne masu riyal 200 zuwa 400, ciki cike da soso, wasu da maɓalli irin na takalmin taya, wasu har ana ja a ƙara musu tsawo lamba uku ko huɗu. Wannan na ƙarshen shi ya ɗauki hankalin Yaya, don kamar an yi shi ne domin Bahaushiya. Suna da daɗi a ƙafa tun ranar farko, ba sa bukatar horarwa. Amma wuƙar a dashe take, ƙarfenta ba ya riƙe kaifi, wuyan kuma ko ya yi laushi kamar kambas ko ya zama roba sandararriya da ba ta lanƙwasawa inda ya kamata. Wanda ake ja ɗin kuwa takalmin ne ke tsawo, wuƙar tana nan yadda take, to ka ga a lamba ɗaya kawai lissafin zai yi daidai. Ga yaron da ake kai wa sau ɗaya a wata don nishaɗi, kuma ba a son ya sa abin da ƙafa ɗari suka sa, ba laifi. Ga mai zuwa darasi, araha ba ta ado.

Saitin masu koyo

Nan ne yawancin yaranmu ya kamata su sauka. Takalmi ne na ainihin kamfanonin wasan, an haɗo shi da wuƙarsa tun daga masana'anta. A Jackson jerin yana hawa daga Excel zuwa Mystique zuwa Artiste, kowanne ya ɗara na bayansa tauri. A Riedell akwai Pearl da Emerald da Diamond, su ma a jere haka. Na ƙasan sukan faɗo tsakanin riyal 450 da 650, na saman tsakanin 700 da 1,000, kafin aikowa da haraji, kuma farashi na motsi, a ɗauki wannan a matsayin ƙiyasi.

Abin da ake samu da kuɗin: wuya mai riƙo amma mai barin gwiwa ta durƙusa, ƙugiyoyi na ƙarfe da igiya ta gaske, da wuƙar da za a wasa ta karɓi washi. Horar da su ba ya cin lokaci, zuwa huɗu ko biyar sun saki. Ƙarkonsu a ƙafar yaro marar nauyi mai zuwa sau ɗaya ko biyu a mako ya kai har ƙafar ta fi ƙarfinsu, sau da yawa ma ƙani ya gada. Iyakarsu tsalle. Na saman jerin suna ɗaukar tsallen farko-farko na rabin juyi da makamantansu ga ƙaramin yaro, amma in aka fara maimaita tsalle mai cikakken juyi kullum, wuyan zai karye da wuri, a ga wata tsaga ta kwanta a gefen idon sawu.

Tsakanin na ƙasa da na sama a wannan rukunin, ni nakan ce a duba sikeli. 'Yar shekara 5 ko 6 da iska ke iya ɗauka, Excel ko Pearl ya ishe ta, kuma za ta fi jin daɗinsa. Daga shekara 8 zuwa sama, ko yaro mai jiki, ko wanda koci ta ce yana sauri, a ƙara ɗari biyu ko ukun nan a hau mataki ɗaya. Mataki ɗaya na ce.

Na tsalle

Jackson Elle da Freestyle, Riedell Stride, Risport Electra, Edea Overture. Waɗannan na yaron da ya shiga tsalle mai juyi ɗaya ne, su Salchow da Lutz, yana hararar Axel, tsallen nan mai juyi ɗaya da rabi da aka sa wa sunan Axel Paulsen ɗan Norway wanda ya fara yin sa a 1882. Duk saukar da yaro ya yi daga tsalle, ninkin nauyinsa sau da yawa ke sauka a kan ƙafa ɗaya, shi ya sa ake bukatar ƙarin riƙo. Waɗanda suka zo da wuƙarsu sukan kama riyal 1,200 zuwa 1,700. In takalmi daban aka saya, wuƙa daban, kamar Coronation Ace ta kamfanin John Wilson na Sheffield a Ingila ko MK Professional, lissafin na iya haura 2,000, kuma sai an sami wanda ya iya ɗaura ta a daidai, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a nan.

Da yawansu ana ɗumama su su ɗauki siffar ƙafa, abin da ke taimakon mai ƙashi a gefen yatsa ko idon sawu mai tsini. Kowane kamfani da hanyarsa: wasu gaba ɗaya ake ɗumamawa a wata tanda ta musamman, Edea kuwa wurin da ke matsi kawai ake hura wa zafi a buɗa. Kada a gwada da murhun girki. Ita Edea ma ɗaurinta daban ne, ba ta da nauyi, ana matse igiya a kan gadon ƙafa a sassauta a sama, don harshen takalmin ne ke tafiya da ƙwauri. Yaron da ya saba ɗaure wuya tamau zai ji kamar ba a riƙe shi ba a makonnin farko.

Hadarin wannan rukunin shi ne ɗoki. Ni na faɗa ciki. Tawa tana shekara 7, ko tsallen rabin juyi ba ta fara ba, na ga wani takalmi na masu juyi biyu a rabin kuɗinsa, na ce ga banza ta faɗi. Wata biyu yarinya tana fita fili tana tafiya kamar an sa mata filasta, ta dawo mota tana kuka. "Umma, ƙafata ba ta lanƙwasuwa." Na ce ragwanta ce. Sai da kocin ta sa ta durƙusa a gabana, na ga dunduniyar wuƙar na ɗagawa sama maimakon takalmin ya ba da kai. Ya koma kwali, kuma ranar da ƙwarewarta ta kai shi, ƙafar ta wuce shi da lamba biyu. Su Ice Fly da yara ke gani a ƙafar zakarun duniya a YouTube su nace, ba ma sa cikin wannan zancen.

Gwanjo

Tunda ƙafar yara ke gudu ta bar takalmi da sauran ƙarfinsa, na hannu hanya ce mai kyau, in an san abin dubawa. Mafi alheri a saya a wurin iyayen da kuke haɗuwa a fili, inda yaro zai sa ya shiga ƙanƙara koci ta gani. Ana samu a Haraj ma, manhajar saye da sayarwa ta Saudiyya, sai dai hoto ba ya nuna abin da ya fi muhimmanci. A kama wuyan takalmin da hannu ɗaya a matse. In gefe biyun sun haɗu ba gardama, ya mutu. A duba tsaga mai zurfi a gefen idon sawu. A zura hannu a taɓa sosan dunduniya, in ya lotsa ko ya yage ba zai riƙe ba. A ajiye shi a kan tebur a kalle shi ta baya, in ya karkata gefe ya riga ya ɗauki tsayuwar mai shi na farko. A wuƙa kuma akwai wani siririn layi a ƙasa mai launi daban da sauran, shi ne ƙarfen da ake wasawa, in ya kusa ƙarewa saura washi kaɗan. A duba haƙorin ƙasa ko an goge shi, a duba sukurori ko sun yi tsatsa ko ƙasan takalmin ya ruɓe a kewayensu. Mai kyau yakan zo a rabin kuɗin sabo ko ƙasa. Ba a mayarwa, wannan shi ne cacar.

| Zaɓi | Kuɗi a riyal, ƙiyasi | Ƙarko | Sauƙi | Hadari |
|---|---|---|---|---|
| Haya | kuɗin kowane zuwa | ba naka ba ne | babu ɗawainiya | kowane mako da irin nasa |
| Na shaƙatawa | 200 zuwa 400 | gajere in ana darasi | a sa a shiga | ba riƙo, wuƙa a dashe |
| Saitin masu koyo | 450 zuwa 1,000 | har ƙafa ta fi ƙarfinsa | horarwa kaɗan | kuskuren lamba in oda ce |
| Na tsalle | 1,200 zuwa sama da 2,000 | mai tsawo | sai an horar, wani sai an ɗaura wuƙa | tauri fiye da bukata |
| Gwanjo | kusan rabin sabo | ya danganta | sai an iya dubawa | ba mayarwa |

Abin da Jidda ke yi wa takalmi

Ko wanne aka zaɓa, garin nan na da nasa hukuncin. Abin da ake lanƙwasawa da zafi, zafi na iya sake lanƙwasa shi, kuma but ɗin mota a watan Agusta tanda ce. Namu na biyu ya kwana biyu a ciki bayan wata tafiya Ɗa'if, ya fito wuyan hagu ya buɗe baki, bai sake kama ƙafa kamar da ba. Ga kuma laimar teku. Wuƙar da aka bari da danshi takan wayi gari da jan tsatsa a bakin kaifi. Murfin roba mai tauri na tafiya ne daga benci zuwa bakin ƙanƙara, ba na ajiya ba, don yana tara ruwa. An fito, a goge wuƙa da ƙasan takalmi da tawul, a sa murfin yadi mai tsotse danshi, an isa gida a fito da shi daga jaka a sassauta igiya a ja harshen, ya sha iska a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Washi kuma, kusan duk bayan awa 20 zuwa 30 na zamiya, ko ranar da yaro ya ce wuƙa na zamewa gefe. Sabon takalmi ma sau da yawa sai an yi masa washin farko. A tambayi koci wanda take kai wa nata. Wani mai inji ya taɓa karɓar namu, ya saba da na hoki, ya ga haƙorin ƙasa ya tokare masa hanya, sai ya goge shi tas don aikin ya yi kyau. Wanda ke wasa wuƙar layya a bakin kasuwa, duk ƙwarewarsa, kada a ba shi.

To wa zai ɗauki wanne

Yaron da bai cika wata biyu ba, ko wanda har yanzu sai an lallashe shi ya shiga: a ci gaba da haya, a sayo siririyar safa da safar hannu, a jira.

Mai zuwa jefi-jefi tare da 'yan uwa ranar hutu, ba darasi ba koci: na shaƙatawa, amma mai igiya da lamba ɗaya tsayayya ya fi wanda ake ja.

Ƙarami marar nauyi da ke darasi sau ɗaya a mako: na ƙasan saitin masu koyo. In akwai ƙanne a bayansa a sayi sabo, zai zagaya. In shi kaɗai ne, a fara cigiya a wurin iyayen fili.

Wanda ya haura shekara 8, ko mai jiki, ko mai zuwa sau biyu zuwa uku a mako da ya fara juyi da ƙananan tsalle: na saman saitin, su Artiste ko Diamond. Babban yaro mai nauyi sosai kan iya tsallakawa zuwa Elle tun da wuri, amma da bakin koci, ba da na mai shago ba.

Mai tsalle cikakke da ke shirin gasa: rukunin na tsalle, kuma a nan kuɗin tafiya inda za a gwada masa a ƙafa ba almubazzaranci ba ne. Mai faɗin ƙafa ya fara da Jackson, mai siririya ya gwada Riedell ko Risport, wanda nauyin takalmi ke damunsa ya gwada Edea.

Wanda dole sai oda daga waje: a tabbatar shagon na karɓar mayarwa, kuma kada a wasa wuƙar ko a shiga ƙanƙara sai an gama gwaji a kan kafet, don da zarar an wasa, ciniki ya faɗa. A zaro shimfiɗar ciki, yaro ya taka ta a tsaye, a ga rarar da ido. A sa, a buga dunduniya a ƙasa ta zauna, a ɗaure, ya durƙusa ya miƙe na minti goma sha biyar.

Washegari Yaya ta turo mini hoton takarda da zanen ƙafa biyu, ta dama 196, ta hagu 199, yatsu a baje kamar na kakarmu. Na ce ta nemi Mystique mai faɗi, lambar da ta yi daidai da 205 a jadawalinsu ko ƙasa kaɗan. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Auta, ko 215 dai? Baɗi babanta zai ce bara ma an saya." Na ce ta ba ni shi a waya.